Ranar da Na Sa Baffa Zagayen Filin Ƙwallo

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so ma Baffa Sani ba zai bari ba. Ranar ɗaurin auren yayana Bashir ce a Bakura. Lokacin watana shida kacal a makarantar koyon ba jiragen sama hanya, amma yadda nake ɗaga kafaɗa sai ka rantse ni na ƙera jirgin.

An koya mana cewa idan hadari ya rufe filin jirgi, matuƙi ba ya ganin komai sai agogunan gabansa, kai ne idonsa. In jirage sun yi yawa, sai ka sa shi ya riƙa zagaya wuri guda a sama har ka ba shi izinin sauka. Malaminmu yana da magana ɗaya da ba ya gajiya da ita: kada ka sa jirgi zagaye ba ka faɗa masa ƙarfe nawa zai sake jin ka ba, don ko rediyo ya mutu ya san lokacin da zai taho da kansa. (Na ci wannan tambayar a jarrabawa, ku riƙe wannan.) Babu wanda ban cika wa kunne da wannan karatu ba a gidanmu na Mafara, har Baffa.

To, lungun gidan su amarya matsattse ne, ga taɓon damina, mota ɗaya ke iya shiga ta sauke mutane ta juyo. Ba wanda ya roƙe ni na ce a bar mini tsara shigar motoci. Na karɓi lambobin direbobi, na tsaya bakin lungu da wayata da sabuwar shadda. Duk motar da ta iso sai in ce, "Ka riƙa zagaya filin ƙwallon firamare ta hannun dama, kada ka shigo sai na kira ka." Me ya hana in ce su tsaya a inuwa? Jirgi ba ya tsayawa a sama, ni kuma na manta mota tana da birki.

Da farko abin ya yi kyau, ana ta yaba mini. Motar Baffa ta iso daga Maradun, tsohon direbansa Malam Iro ke tuƙi. Baffa wan babanmu ne, malami, kuma shi ne waliyyin ango. Shi ma na tura shi zagaye, ban faɗi lokaci ba. Sai cajin wayata ya ƙare. Na ga lungu ya yi sarari, na ce aiki ya ƙare, na shige cikin jama'a ina karɓar sannu.

Liman ya gyara zama ya ce, "Ina waliyyin ango?" Aka duba, ba ya nan. Aka yi ta jira. Uban amarya ya murtuke fuska ya ce, "In babbanku ya raina mu ne, ku faɗi, a ɗaga auren." Liman kuma yana duba agogo, ana jiransa wani ɗaurin auren. Na dubi Bashir, gumi ya jiƙa hularsa. Nan na tuna inda na bar Baffa.

Na tattare shadda na zura da gudu cikin taɓo. Ga motar Baffa can ita kaɗai tana zagaye a hankali, 'yan acaɓa sun jeru suna ƙirga mata. Na durƙusa gefen taga ina haki. Baffa ya sauke gilashi, carbi a hannu.

"Ranka shi daɗe, mun samu izinin sauka?" in ji Baffa.

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

"Iro ya so shi shigo tun ɗazu," in ji shi. "Ni nac ce a'a, mu ga iyakar bokon. Kai da kac ce ana faɗin lokaci, mu ƙarfe nawa ka ba mu?"

An ɗaura aure, bayan Baffa ya ba uban amarya haƙuri a gaban kowa, ya kuma ba da labarin tun daga farko, da sunana. Bashir ya yi sati biyu bai amsa gaisuwata ba.

Yau shekarata huɗu a aiki, ban taɓa sa jirgi zagaye ban ba shi lokaci ba, fuskar Baffa nake gani. Na kuma gane ilimin wata shida ba a kai shi gidan biki. Shi kuwa har gobe in ya zo gidanmu ba ya shiga, sai ya tsaya ƙofa ya aika a tambayo ni ko ya zagaya tukuna.