Yadda Za Ka Jefa Ƙuri'a Sau Biyu a Rana Ɗaya

Kai da ƙuri'a ɗaya ba ta ishe ka ba, matso kusa. Bi matakan nan, na tabbatar maka sai an san da zamanka a rumfar zaɓe. Ba a littafi na karanto su ba. A wajen Zarami na koya, wani masunci a Haɗeja, wanda ya gwada su a zaɓen 1979, shekarar da sojoji suka mai da mulki ga farar hula.

1. Samo katin wanda ba ya gari

Kada ka taɓa na mamaci, don mutane ba sa manta wanda suka sallata. Nemi na matafiyi. Ari, abokin kamun kifin Zarami, ya tafi Tafkin Chadi tun bara, ya bar masa ajiyar koma da wata tsohuwar jaka. A cikin jakar katinsa na zaɓe yake, kuma katin lokacin ba hoto. Ga shi ɗan takarar Zarami ya yi alkawarin gada. Ai wannan ba sata ba ce, taimakon gada ne.

2. Jefa taka da sassafe, ka kankare tawadar

Za a shafa maka tawada a babban yatsa. Zarami ya goga lemon tsami, ya goga toka, ya zuba kananzir, ya koma ga dutsen wasa wuƙa. Tawadar ta fita, fatar ma ta bi ta. Ɗaure da tsumma, ka ce ƙayar tarwaɗa ce. Wa zai yi musu da masunci a kan tarwaɗa?

3. Sauya kamanni

Nemi aron babbar riga da rawani. Zarami bai taɓa naɗi ba, don haka nasa ya fito kamar gammo. Ba komai. Ƙamshin kifi kuwa ba ya jin rawani, sai dai ka tsaya ta inda iska ba ta bi.

4. Haye kogi, kana bitar sabon sunanka

Katin Ari na wani ƙauye ne a hayi, wajen Auyo. Damina ce, kogi ya cika. Zarami na tuƙi yana cewa, "Ni ne Ari, ni ne Ari." Mutum uku suka gaishe shi da sunansa na gaskiya a mashaya, duka ukun ya amsa.

5. Tambayi wanda ya haifi mai katin

Wannan matakin ne Zarami ya tsallake.

Ya miƙa kati yana cewa shi ne Ari, malamin zaɓe ya duba rajista ya ɗaga murya: "Ari Fannami!"

Sai wata tsohuwa ta fito daga layin mata da sauri har zanenta na kwancewa. 'Yar'azumi ce, mahaifiyar Ari, wadda shekara guda ko saƙonsa ba ta samu ba. Ta zo ta leƙa ƙarƙashin rawanin, murnar ta gushe daga fuskarta.

"Zarami? Kai ne?"

"Inna, ina wuni," in ji shi, da muryar da ya aro.

"Ni da furfurata yau na fara riƙe takardar ƙuri'a. Tun asuba nake tsaye a kan guda ɗaya tak. Kai kuma biyu kake so, har da ta ɗana?"

Wani dattijo ya ce in haka ake yi, shi gida zai koma. Malamin zaɓe ya roƙe shi ya tsaya, ya ɗaga katin Ari kowa ya gani, ya damƙa wa tsohuwar. Ɗan sandan da ke gadin rumfar ya cafki wuyan rigar aron Zarami.

6. Idan an kama ka, yi shiru manya su yi magana

'Yar'azumi ta dubi ɗan sandan ta ce, "Ɗan nan, dakata. Da bakinsa ya ce shi ne Ari, ko?"

"Kowa ya ji, Inna."

"To Ari ya bar mini gonar shinkafa a fadama, ciyawa ta kai ƙugu. In ka kulle shi, wa zai nome?"

Dariya ta ɓarke har layin maza. Ɗan sandan ya dubi malamin zaɓe, shi kuma ya dubi silin. Tsohuwa ta koma layinta, ta dangwala yatsa, ta jefa ƙuri'arta a nutse, sannan ta sa Zarami a gaba.

Kwana goma sha tara ya yi a duƙe cikin taɓo, da yatsa mai ciwo. Kullum da azahar takan kawo masa fura, ta tsaya a bakin gonar ta ƙwala kira: "Ari!" In bai amsa ba, ta juya da ƙwaryarta.

Tunatarwa: ba ruwan marubuci da ɗan sanda, ko alƙali, ko ciwon baya. Wanda ya bi matakan nan ya je da fartanyarsa, don ni ba na bayar da aron tawa.