Zabuwar da Ta Rufe Katin Ma'azu

"...da gajiya, da zafin rana? Kai mijina, gaisuwa nike, ka tsaya kamar wanda ya ga doguwa!"

Kakar Ma'azu ce ke yi masa wannan tsiyar. A guje ya taho daga tashar Dogon Dutsi, katin banki a hannu. Jibi ne ganawar neman aikinsa a Yamai, ta farko tun da ya karɓi diplom. Makin da banki ke tara masa duk sayayyar da ya yi da katin, wanda samari ke kira puwan, shi ya ajiye don tikitin mota. Makon jiya ya tsakuri kaɗan ya mayar kiredi a salular kakarsa Asiya, tunda ƙa'ida ta yarda a yi wa dangi kyauta, sayarwa ce aka hana. Yau ya je yankan tikiti, aka ce katin a rufe yake tun da banki ya kira kakar tasa.

Ya same ta tana ɓarar gyaɗa, zabuwarta na kiwo a gefe.

"Tsohuwa, mi kinka ce ma madam ta banki da ta kira ki?"

"Mai muryan nan kamar an zuba mata zuma? Gaskiya na gaya mata. Ta ce mi nike gare ka, na ce matarka."

"Innalillahi! Ni kaka na ce musu!"

"To ka yi ƙarya. Ran da anka haife ka ni na fara ɗaukar ka, na ce ga miji ya zo, duk da kanka kamar masaki."

"Sai mi kuma?"

"Ta ce kyauta ka yi mini? Na ce wanga marowacin, da ko mura ba ya ba wani? Saye na yi, zabuwa zan biya."

"Zabuwa! Wannan da ta girme ni? Baki shi ke yanka wuya, amma naki wuyana ya yanka. Sayarwar nan ta sa sunka rufe!"

"Yo abin da ba a gani, ba a auna shi da tiya, shi anka hana saidawa? Ko iskokin garin Lugu ba su da doka irin wagga. Ka ƙare karatun lakkol kakaf, ka dawo da dukiyar da ba ta cika cokali!"

"Ke da haƙori biyu sunka rage miki, ɗaya ma hutu yake, kin iya tauna aikin mutum."

"Tsohon doki sai mai sani. Da ɗayan zan tauna albashinka."

Ma'azu ya bar wasa. Ya durƙusa kusa da tabarma.

"Kaka, jibi ne. In ban tahi ba, wani za su ɗauka."

Ta ajiye gyaɗar. Rabonsa da kiranta Kaka tun yana yawo ba wando. Ta dube shi, ta miƙa masa salula.

"Kira mini ita."

Da aka ɗauka ta gyara murya. "Madam, ni ce. Auren nan ya mutu yau. Jikana ne, ɗan ɗiyata, kuma kyauta ya yi mini, ko fiffiken zabuwa bai gani ba. Ke ba ki da kaka ne?"

Dariya ta fashe a cikin wayar har Ma'azu ya ji. Madam ta ce ita ma nata kakan har yau kishi yake da mijinta. Ta yi wasu 'yan tambayoyi, ta ce gobe da safe katin zai buɗe.

Kafin Ma'azu ya gama ajiyar zuciya, tsohuwa ta yi wuf ta cafke zabuwar ta cusa masa a hammata.

"Kaka, ƙa'ida! Za su ce biya ne!"

"Biyan mi? Guzurin tsohon miji ne," ta ce tana ƙyaƙyata dariya. "In ka samu aikin ka zo biko. Amma da atamfa, ni ba ni koma gidan mai puwan."