Rasuwar Faifai Na Biyu a Shagon Shafqat

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Shafqat Niazi mai ɗaukar hoton bukukuwa a garin Gujranwala yake sanar da rasuwar Faifai Na Biyu, ɗaya daga faifan ajiyar hotuna na kwamfuta huɗu da ke cikin baƙin akwatin nan na ƙarƙashin teburinsa. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara tara.

Marigayin mai riƙon amana ne. Ya sha zafin bazara da ɗauke wuta, bai taɓa ɓatar da hoton amarya ko ɗaya ba. Da asuba yakan ce "zuuu", ya kama aiki. A watan jinyarsa ya koma "ƙas, ƙas, ƙas", Shafqat kuwa, gwanin ƙin gaskiya, ya ce fanka ce.

Ya bar 'yan'uwa uku, duk rana ɗaya aka sayo su, duk tsufa ya kama su. Tsarin gidansu shi ne in ɗaya ya faɗi, ukun su riƙe komai har a kawo sabo. In biyu suka faɗi, shi ke nan, kowa ya kama gabansa. Cikin abin da suke riƙe akwai fim ɗin auren 'yar Pahlawan Boota, tsohon ɗan kokawa. Ba a ba shi ba tukuna, kuma babu fim ɗin a ko'ina sai nan.

An sayo sabon faifai, amma har yanzu gawar tana cikin masu rai. Kwamfuta ta ce na biyu ne. Fitilar da za ta nuna shi ta mutu tun bara. Kashe akwatin kuma ganganci ne, don tsofaffin nan in suka kwanta ba lallai su tashi ba. Shafqat ya kama wanda ya manna wa lamba biyu ke nan, matarsa Nasreen da ta kawo shayi ta ce, "Tsaya, maigida! Kai da ko tufafi daga dama kake jerawa, ta ina ka fara manna lambobin nan? Ita na'urar ai daga hagu take ƙirga."

Ya saki. Wallahi bai tuna ba. Tun lokacin tsoro ya hana shi cin abinci.

Za a zaro gawar gobe bayan azahar, a shagon. Pahlawan Boota ya leƙo ta'aziyya, ya dafa kafaɗar Shafqat har ta yi ƙara, ya ce, "Kada ka damu, ɗana. Da kaina zan zo in zauna kusa da kai."

Ana roƙon jama'a addu'a. In Allah ya sa mamacin aka zaro, za a raba alewa. In mai rai ne, kada kowa ya watse, Nasreen za ta sanar da jana'iza ta biyu, ta maigidanta.