Yadda Za Ki Yafe Kuɗin Hayar Da Dama Ba Za Ki Gani Ba

'Yar'uwa mai gidan haya, matso kusa. In akwai ɗan hayar da ya zauna miki a kan kuɗi, kina so ki rabu da kuɗin nan har abada, kin zo wurin gwana. Ban yi boko ba, amma a fannin asara mai digiri ma sai ya ɗauko mini jaka. Ki bi matakan nan yadda na bi su, na yi miki alkawari ko sisi ba zai dawo hannunki ba.

Mataki na 1: Ki zaɓi mai ladabi

Kada ki ba mai tsaurin ido ɗaki, irinsu biya suke yi don kada a raina su. Nemi wanda zai tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya tsuguna ya ce, "Mama, ina kwana." Nawa tela ne, da kekensa da matarsa mai sunkuyar da kai. Na ba su ɗakin da aka sake wa kwano, ni na zauna a tsohon da ke yoyo. Lissafina shi ne kuɗin hayarsu ya sake mini rufi kafin damina. Ke ma ki yi irin wannan lissafin, mace ba ta rasa abin yi wa kanta dariya.

Mataki na 2: Ki ce ba komai

Wata zai ƙare, ya zo yana murza hula. "Mama, kasuwa ce ta yi sanyi." Ki ce ba komai. Wata na gaba keke ne zai lalace. Daga nan ya daina wahalar da kansa da uzuri, gaisuwar kawai zai riƙa kawowa, kuma ba ya fashi.

Mataki na 3: Ki karɓi riga

Wata rana zai shigo da leda. "Mama, yadi ne ya rage, na duba gidan nan kaf ban ga wadda zai yi wa kyau ba sai ke." Ki karɓa. Ki sa, ki juya a gaban madubi kamar ba ke ce mai jikoki ba. Duk ranar da za ki je tambayar kuɗinki kuma, ki tabbatar ita ce a jikinki. Ni na gwada ɗaga murya a cikin rigar kyauta, tari ne ya fito.

Mataki na 4: Ki shirya masifa

Ki shiga banɗaki ki zazzage wa bokiti duk masifar da ke cikinki. In baki ya yi zafi, ki nufi ƙofarsu, ki buga da ƙarfi. Matar za ta buɗe, ga jaririya a kafaɗa.

"Mama, shigo ki ga takwararki. Sunanki muka sa mata."

Kin zo da wa'adin tashi a baki, za ki fita kina kwance bakin zani kina neman abin sayen sabulun jego. Wannan matakin shi ne ƙashin bayan aikin. Wadda aka yi wa takwara ta gama karɓar haya.

Mataki na 5: Ki kai ƙara

Haƙƙinki ne, kada ki zauna. Ni na je wurin mai sulhu, na yi bayani har da buga tebur. Tela ya zo da iyalinsa duka. Yarinyar ta fara rarrafe lokacin, tana ganina ta taho ta kama mini ƙafa, na ɗauke ta ban ma sani ba.

Mai sulhu ya ce, "Baba, wannan ta cinyarki fa?"

Na ce takwarata ce.

"Ita za a fitar wa da katifa waje?"

Na ce ba ita ba, ubanta. Ya ce ai katifar ɗaya ce. Ya juya wurin tela, tela ya ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da Mama ta faɗa haka ne. Wa ke musu da uwarsa?" Mutum bai musa ba, bai biya ba, aka ce mu je mu daidaita a gida. Ni na biya mana kuɗin mota.

Mataki na 6: Ki kira mai ilimi

Ɗan ƙanena akanta ne. Ya saurare ni yana latsa waya, ya ce, "Gwaggo, wannan a wurinmu sunansa mataccen bashi. Share shi ake yi, sai a rage wa kamfani haraji." Na ce to ni wa zai rage wa me? Ya ce, "Gwaggo, ke ai ba kamfani ba ce." Bashi ya mutu, wanda nake bi ga shi can yana ajiye tumbi.

Mataki na 7: Ki yafe a bainar jama'a

Tunda kuɗi ya tafi, ki ce bari ki tsira da suna. Ki tsaya tsakar gida ki faɗa da ƙarfi cewa kin yafe saboda takwara. Ki tabbatar sauran 'yan haya sun ji dalilin. Matar ɗan hayana mai gyaran babur, wadda da ko kallo ban ishe ta ba, yanzu har ƙasa take gaishe ni. Cikinta ya tsufa.

Mataki na 8: Ki jira ruwa

Zai zo. Nawa da la'asar ya sauko, kafin in jera robobi katifata ta sha ta ƙoshi. Tela ya rugo da lema, ya kwashe ni da ƙullin kayana zuwa ɗakinsu, inda ko ɗigo babu. Matar ta shimfiɗa mini tabarma a gefen keke, ta ɗora mini yarinyar a cinya. Shi kuma ya tsuguna ya ce, "Mama, ki saki jikinki. Nan ma kamar gidanki ne."

Ki ce kin gode. Ni haka na ce.

Jan kunne: duk wadda ta bi matakan nan rufinta ya zubo, ko ta wayi gari da takwarori sun cika mata tsakar gida, ba ruwana, kada ta zo mini da kuka. Ba ni da wurin saukar baƙi, ni ma a raɓe nake. Wadda kuma ta san lauyan da jarirai ba sa karya masa zuciya, ta turo shi. Ya tambayi ɗakin tela.