Farin Yadi a Tagar Iya Ramota

"...Ina gajiya kuma? Ka tambayi zafin nan," in ji Iya Ramota daga kan tabarma.

Tun da ciwon zuciya ya kwantar da ita a ɗakinta na Fagge, ranar da ke shigowa ta taga ta hana ta sakat. Jikanta Waliu, wanda masaƙarsu ta rufe bara, ya dawo daga Kantin Kwari da farin yadi a hammata.

"Mijin banza! Labule na aike ka, ka kawo min matatar koko?"

"Tsohuwa ba godiya. Da ba ni na aure ki ba, wa zai kwasa?"

"Mai sheƙi na ce, irin na maƙwabciyata Hikmat."

"Kyan ɗan maciji ne, amarya. Zaren roba mulmulalle ne kamar taliya, rana ta sulale ta tsakaninsa ta dafa ki. Na auduga kuwa a murɗe yake, kamar bakinki. Haske na faɗa masa sai ya tarwatse, wani ya koma waje da zafinsa."

"Ka san zare haka, me ya hana ka saƙa wa kanka aiki?"

"Ke da kika haddace sunan kowane magani, me ya hana ki tashi?"



"Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba," ta ce a hankali. "Rataya, malalaci."

Ya taka kujera ya rataya. Hasken ɗakin ya yi laushi, tabarmar ta daina ƙuna. Amma numfashinta na nan yadda yake, sama-sama.

"To, ya kika ji?"

Ta yi dariya, tari ya sarƙe ta, sai da ya tallafe ta.

"Yau kam ka kayar da ni. Ungo goron nan, haƙorana sun gaza." Ta shafa ragowar yadin da ke gefenta. "Wannan kuma ninke min shi ka sa a akwati. Tunda yana korar zafi, a ciki nake so a naɗe ni."

Waliu ya ɗauki yadin. Ya durƙusa ya fara ninkewa.