Dabino Biyar da Funkason Bikin Kurfi

Komai tsufa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai funkaso Kurfi ba. Lokacin Turawa ba su tafi ba, muna zaune a Tamawa, ina da cikin fari. Maigidana Malam (Allah ya jiƙansa, har yau idan na ambace shi sai idona ya cika) yana shirin tafiya cin rani Dutsin-Ma, sai ga aike daga yayarsa, Yaya Dije, wadda ke aure a Kurfi. Za ta aurar da ɗiyarta nan da Juma'a biyar, kuma ni ta zaɓa in yi funkason biki. Har alkama ta aiko, kwano huɗu. Alkama kuwa a lokacin ba kowane gida ke ganin ta ba.

Ni ban yi karatu ba, kalanda ma ban taɓa jin sunanta ba. Mata kan ƙulla zare ko su ja layin gawayi a bango don lissafin kwanaki. Ni uwar dabara sai na ware dabino biyar cikin wanda Malam ya bar min, na sa a faifai. Duk Juma'a in ci ɗaya, ranar da na ci na ƙarshe ita ce ranar biki.

Juma'a biyu suka wuce lafiya. Wata Talata kwaɗayin ciki ya taso min, na dubi faifai, faifai ya dube ni. Na ce bari in ci ɗaya yanzu, idan Juma'a ta zo sai in tsallake. Juma'a ta zo, na yi bismilla na ci wani (wallahi ko tunawa ban yi ba).

Ranar da dabino ya ƙare na soya funkaso tun da hantsi, alkamar duka, ban rage ko tafin hannu ba. Na sha lalle, na ɗaura zanen aurena, na tattaro maƙwabta mata uku, muka ɗauki ƙorai muka kama hanya. Da muka isa ƙofar gidan ban ji kiɗa ba, sai na ce musu, “Mutanen Kurfi ba su iya biki ba, bari in tashe su.” Na toshe hanci na rangaɗa guɗa, na shiga.

Yaya Dije na tsugune tana daɓen ɗaki da tsohon zane, wasu mata na taya ta. Amaryar kuwa daka take yi, kanta a tsefe.

“Ke Hajo, lahiya? Haihuwa kika yi a hanya?”

“Yaya, funkason biki ne.”

“Wane biki? Saura mako guda fa! Ke a garinku Juma'a biyu ake yi a sati?”

Ta buɗe ƙwarya, ta ga alkamarta ta zama funkaso, ta dafe kai. Dole na faɗi gaskiyar maganar dabino. Masu taya ta daɓe suka yi ta dariya har ɗaya ta zauna cikin jar ƙasa. Su suka cinye funkason, suna ci suna yi min guɗa.

Ban yi barcin kirki ba sai da Malam ya dawo ana saura kwana uku. Na ba shi labari ina kuka. Ya yi dariya har da riƙe ciki, washegari ya hau jaki ya je ya samo wata alkamar. Wannan karon a gidan Yaya Dije na soya, tana tsaye a kaina.

Shekara arba'in da muka yi tare bayan nan, duk sa'ad da aka yi gardamar kwanan wata sai ya juyo ya ce, “A tambayi Hajo, amma a fara duba bakinta.” Yanzu ba mai faɗa min haka, kuma shi na fi kewa.

Shawarata ga mata ɗaya ce: idan za ku lissafa kwanaki, ku nemi tsakuwa. Duk kwaɗayin da na yi a duniya, ban taɓa sha'awar cin ta ba.