Sojojin Dhani Bakhsh Masu Barci a Kife

"Duk abin da Allah ya ba fiffike a ƙasar Sindh, a tafin hannuna yake!"

Haka Dhani Bakhsh, mai lambun mangwaro a bayan Mirpur Khas, ya faɗa a shagon shayi ranar da aka ji fara ta taso daga hamada. Kai mai karatu, mutumin nan gashin bakinsa ya fi iliminsa tsawo. Kowa na tara gwangwanayen kaɗawa da ciyawar hayaƙi, shi kuwa ya harɗe ƙafa yana ba da karatu.

"Ku duba fara, ku duba jemage. Fara na da fiffike, jemage na da fiffike. Fara na zuwa a runduna, jemage ma haka. To wa ke da haƙori? Jemage! Zan ɗauke su aikin gadi."

Maƙwabcinsa Sawan ya ce, "Yaya, ƙananan ne ke cin ƙwari. Manyan nan masu fuskar kare 'ya'yan itace suke sha."

"Kai dai kan tulu ne! In ƙarami ya ci fara ɗaya, babba ai kwando zai ci."

Gogan naka ya yaye ragar da ke kare mangwaronsa, ya rataya nunanniyar ayaba a kowane reshe. Da magariba sai ga baƙi, manyan jemagu, daga bakin rafi, sama ta yi baƙi ƙirin. Ya ƙame yana sara musu.

Bayan kwana uku, matarsa Zulekhan ta dire masa kwando cike da ƙwallayen mangwaro, an tsotse su fes.

"Baban Nuran, abincinmu na shekara ne fa wannan!"

"Mace! Soja zai yi yaƙi da yunwa ne?"

Rana ta huɗu fara ta sauka, da rana tsaka. Sojoji kuwa suna rataye a kife, ciki ya yi tim, suna sharar barci. Dhani Bakhsh ya yi ihu, ya yi magiya, ya yi zagi, ko kunne ba su motsa ba. Sai ya ɗauki faranti da ludayi ya haye bishiya ya tashe su. Reshe ya ce ƙaras! Mazugin wandonsa ya sarƙe a wani reshe, ya yi reto, kai ƙasa, ƙafa sama, rawani ya yi nasa wuri.

Mutanen gari suka sheƙo. Ya wage baki zai ce a sauke shi, sai wata ƙatuwar fara ta faɗa ciki. Ya haɗiye ta muƙut, idanu waje.

Sawan ya jawo tsani, Zulekhan ta riƙe shi.

"Dakata, ɗan'uwa, bar shi a nan. Duk lambun nan shi kaɗai ne ya kama aiki."